Ranar da Mai Wankin Hula Ya Gudu

Da na gina ɗakuna biyu a Tumfure, can bayan garin Gombe, na tare, 'yan'uwa cewa suka yi na koma ƙauye. Ban yi musu da su ba. A lokacin layinmu gidaje ne jefi-jefi, tsakaninsu kangwaye da gonakin masara, in damina ta yi nisa sai ka tsaya a ƙofar gidanka ba ka hango na maƙwabcinka. Yawancinmu ma'aikata ne da 'yan kasuwa da tsadar haya ta koro daga cikin gari. Da sassafe za mu yi cirko-cirko a bakin titi muna jiran keke mai ƙafa uku, maza da mata da 'yan makaranta, unguwa ta zama wayam har bayan la'asar. Su kuwa ɓarayi ba mahaukata ba ne, su ma sun san lokacin tashi daga ofis.

Da rana tsaka suke zuwa, hankali kwance. Ni kaina an yi mini. Na dawo daga aiki na tarar an ɓalle ƙofar baya, an ɗauke janareta da kan keken ɗinkin matata, wanda mahaifiyarta ta ba ta ranar da za ta tare. Har tukunyar miya suka buɗe suka tsince naman da ke ciki, 'yan banza. Matata ta zauna a tsakar gida ta yi ta kuka, ni kuma ina zagaye gidan kamar wanda zai iya yin wani abu. Ba a daɗe ba wasu samari a kan babur suka tare 'yar maƙwabcina tana dawowa daga makaranta, ta ƙi sakin wayarta, suka sare ta a hannu. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya zaci tsoron da muke ji na ƙarya ne. Tsoro ne na gaske, kuma haushin da ke cina a lokacin, da an miƙo mini ɓarawo ban san abin da zan yi masa ba.

Sai masu gidaje suka kira taro a harabar masallacin layi. Muka naɗa shugaba, wani Alhaji Bafulatani da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, mai gida mafi girma a layin da murya mafi girma. Ni aka ba ni sakatare, wai rubutuna yana da kyau. Aka ɗauki 'yan sintiri biyu, ɗaya da gora ɗaya da bindigar toka. Aka ce kowane gida a sayi usur a rataye bayan ƙofa. Dokar mai sauƙi ce: in ka ga abin da ba ka yarda da shi ba ka busa, wanda ya ji shi ma ya busa, kowa ya fito ya nufi inda aka fara busawa. Duk wanda aka gani yana gudu yana barin wurin, to shi ne. Da hannuna na rubuta wannan a littafin kwamiti, har na ja masa layi a ƙasa.

'Yan haya ba a kira su taron ba. Aka ce maganar masu gida ce, su ai yau suna nan gobe ba sa nan. Babu wanda ya tuna ya je ya gaya musu abin da aka yanke, har da ni mai rubutu.

A cikin 'yan hayan akwai wani mai wankin hula, a ɗaki na ƙarshe kafin gonaki. Babarbare ne, dogo, siriri, da tsage a fuska, daga wani gari can wajen iyakar Kamaru. Rikici ne ya koro shi, shi da matarsa da 'yarsa 'yar shekara kamar shida. Ya kafa 'yar rumfa a ƙofar ɗakin, da baho biyu, da buroshi, da kwanon sitaci, da guntayen itacen nan masu siffar kai da ake ɗora hula a kai ta bushe. In ka wuce da hantsi sai ka ga huluna a jere a rana kamar jama'a sun zauna ɗaurin aure. Wallahi ya iya aikinsa. Hular zanna da na fid da rai da ita, wadda gumi ya cinye bakinta, ya mayar mini da ita har a ofis ana tambayata ko sabuwa na saya. Duk mazan layin nan, babu wanda kansa bai amfana da hannun mutumin nan ba.

Ba mai yawan magana ba ne, Hausarsa ma da nauyi take fitowa. Amma ni na kan zauna a bencinsa ran Asabar ina jira hulata ta ƙarasa bushewa, 'yarsa kuma kullum tana gidanmu, ita da 'ya'yana mata biyu suna 'yar tsana da ɗan girki. A bakinsu ta koyi Hausa, cikin wata uku ta fi ubanta.

Wata Asabar muna zaune, tayar wata babbar mota ta fashe a titi. Kafin in ɗaga kai mutumin nan ya bar buroshi, ya faɗa ɗaki, ya fito da wata jaka irin mai ratsi-ratsin nan da ake ce wa Gana-mas-go a bayansa, idonsa yana neman 'yarsa. Na yi dariya, na ce Malam taya ce fa. Ya tsaya yana haki, sannan ya mayar da jakar ya dawo ya zauna, kunya ta kama shi. Ranar ce ya ba ni labari. Sau uku yana gudu, gari uku. A na farko da aka fara harbi ya tsaya neman takardu da 'yan kaya, wannan tsayawar ce ta ci masa ɗansa na fari. Tun daga nan ya yi wa kansa doka: jaka a ɗaure take bayan ƙofa ko da yaushe, in ya ji ƙara ba ya tambayar ko mene ne, jaka da yarinya kawai, sai daji. Shi da matarsa kuma duk inda suka zauna sai sun zaɓi wurin haɗuwa in gudu ya raba su. A nan sun zaɓi wata tsamiya da ke bayan gonakin masara. Ya nuna mini ita da buroshin hannunsa.

Na ce Allah sarki, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, nan Gombe ce, lafiya lau muke. Na karɓi hulata na tafi gida. Ka ji mai hankali, mutum ya gaya mini in ya ji ƙara gudu yake yi, ni kuma ina da littafi a ɗaki da na rubuta cewa duk wanda ya gudu ɓarawo ne, amma ko a raina ban haɗa biyun ba.

Shi kuwa Alhaji shugaba, wasan Fulani da Barebari ya samu abin fakewa. Kowa ya san wannan wasan, tun kaka da kakanni ake yinsa, wannan ya ce wancan bawansa ne, a yi dariya a watse. Amma nasa wasan da ƙaya a ciki. In ya kawo huluna sai ya tsaya a bakin rumfa ya ce, bawana, yau ina ka ɓoye bam ɗin, a cikin baho ko a ƙarƙashin gado? Mutane su kwashe da dariya. Mai wankin hula ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. A wasan gaske ramawa ake yi, wanda aka tsokana ya mayar da wadda ta fi zafi. Shi da wane baki zai rama, ɗan haya, baƙo, a kan shugaban layi? Ni ma na sha yin dariyar nan, ba zan ɓoye ba.

A hankali maganar ta tashi daga wasa. Ka ji ana cewa ai tun da mutanen nan suka fara cika gari sata ta yi yawa. Ƙarya ce tsagwaronta, ni an ɗauke mini janareta tun kafin mai wankin hula ya san akwai wani wuri wai shi Tumfure. Sai aka ce shi kaɗai ne namijin da ke wuni a layi, ya san wanda ya fita da wanda ya dawo. Aka ce ana ganinsa da yamma yana bin hanyoyin cikin gona yana leƙe-leƙe. Wani ya lura cewa gidajen da ke kusa da ɗakinsa ba a taɓa shiga ko ɗaya ba. Kai ka ce wannan abin a gode masa ne, tunda zamansa a rumfa ne ya sa ɓarayi ke tsallake wajen. Ina! Cewa aka yi ai ɓarawo mai wayo ba ya sata kusa da gida. Da an yi satar kusa da shi a ce shi ne, ba a yi ba kuma an ce shi ne.

Ranar da abin ya faru ana yajin aiki, shi ya sa maza da yawa suna gida. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne, masara ta yi tsayi ta fara fitar da goyo. Ina kwance ina sauraren rediyo sai na ji matata ta ƙwalla ihu daga bayan gida, wai ta ga mutum a kan katangar maƙwabcinmu da ya yi tafiya. Na fizgo usur na fito ina busawa kamar raina zai fita. Gida ɗaya ya amsa, biyu, goma, layin gaba ɗaya ya ɗauka. Maza suka fito da taɓare da gorori, wasu ko riga babu. Sai ɗan sintirin nan mai bindiga, don a san yana aiki, ya ɗaga ta sama ya harba.

Ina tsaye a ƙofar gidana na hango mutum can ƙarshen layi, da ƙatuwar jaka a baya, ya nufi masara da gudu.

Na ce, "Ga shi can! Ga shi can!"

A nan ne nake so in faɗi gaskiya, domin shekaru na yi ina gaya wa kaina wani labarin daban. Kafin in rufe baki a karo na biyu na gane shi. Na gane tsayinsa, na gane jakar. Da na ƙara buɗe baki na ce ku tsaya, mai wankin hula ne, tsoro ya ji, wataƙila da wasu sun tsaya. Amma jama'a sun riga sun kwasa, ni kuma ƙafata ta bi su, bakina a rufe. Akwai wani abu a cikina da ya ce bari dai a gani, wa ya sani. Wannan muryar ba ta Alhaji ba ce, tawa ce.

A tsakiyar gonar suka cim masa. Ba ya iya gudu sosai domin yarinyar tana rungume a ƙirjinsa, mu da ke bayansa ba wanda ya gan ta. Da aka kai masa gora ta farko ya faɗi a kanta ya dunƙule, ya rufe kanta da hannuwansa. Duk dukan da aka yi a bayansa da hannuwan nan ya sauka. Bai ce a yi haƙuri ba, bai ce shi ba ɓarawo ba ne, Hausar ma ta gudu ta bar shi, da Barbarci yake ta kiran wani abu. Na ji wani yana cewa ku ji, yana kiran 'yan'uwansa. Wani ya ce a kawo taya. Waɗannan fa mutane ne da muke sahu ɗaya da su, shi ma yana cikin sahun.

Wanda ya ceci ransa mai kemis ɗin bakin titi ne. Ibo ne, amma a unguwar Herwagana cikin garin Gombe aka haife shi, Hausa a bakinsa ta fi ta wasunmu. Ya sayi fili ya yi gini a layinmu, yana zuwa taron kwamiti, amma a bayan idonsa ba wanda ke kiransa da komai sai Inyamurin nan. Gajere ne mai tumbi, ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai ranar. Ya ratsa mutane ya kwanta a kan mai wankin hula, gora biyu ta same shi a kafaɗa, yana ihu yana cewa akwai yarinya a ƙasa, ku makafi ne? Sai aka ja da baya. Aka zaro yarinyar, jikinta duk ƙasa, ba ta kuka. Idonta kawai a buɗe tana bin mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji ya iso daga baya yana haki, ya ce a buɗe jakar a gaban kowa. Ɗan sintiri ya zazzage ta a kan kunyar gonar. Zanin mace biyu, rigunan yarinya, bargo, ƙullin garin kwaki, ƙullin dabino, tocila, 'yar butar roba, Alƙur'ani a cikin gafaka, da takardu a naɗe cikin leda. Shi ke nan. Mutane suka tsaya suna kallon kayan. Can sai ga matarsa ta ɓullo daga wajen tsamiya, ashe tana wurin niƙa ta ji harbin, ta bar garin a can ta tafi inda suka yi alkawari tana jiransu. Ta durƙusa tana tattara kayan tana mayarwa jaka, ba ta kalli kowa ba. Shi kuwa wanda matata ta gani a kan katanga, Allah kaɗai ya san ta inda ya bi, don ba wanda ya waiwaya ta can.

Yatsu uku suka karye a hannunsa na dama. Mai kemis ne ya wanke masa raunuka, ya sa shi a keke ya kai shi wurin mai ɗori. Alhaji ya ce kada a kai maganar ko'ina, a kashe ta a gida, mu 'yan'uwan juna ne. Na ɗauka nufinsa za mu je mu ba da haƙuri. Wallahi haka na ɗauka, har na fara tsara abin da zan ce.

Kwana biyu bayan nan aka kira taro bayan la'asar. Alhaji ya buɗe da addu'a, ya ce abin da ya faru ba a ji daɗinsa ba, amma ruwa ba ya tsami banza. Mutumin kirki me zai sa ya ɗaure jaka ya ajiye bayan ƙofa? Me ya sani da mu ba mu sani ba? Kowa ya nufi wajen usur, shi kaɗai ya nufi daji, da wurin haɗuwa a shirye. Ko bai ɗauki allurar kowa ba, in ji Alhaji, zaman irinsu a cikinmu ba kwanciyar hankali ba ne, musamman yanzu da ya riƙe mu a zuciya. Ka ji fa. Mun karya masa hannu, kuma wannan ya zama hujjar cewa shi ne abin tsoro. Shawararsa ita ce a rubuta wa mai gidan, wanda ke zaune a cikin gari, ya ba shi wa'adi ya tashi. Kuma daga yau duk mai son sa ɗan haya a layin sai kwamiti ya san daga inda ya fito.

Mai kemis ya miƙe, kafaɗarsa har lokacin ba ta ɗaguwa sosai.

Ya ce, "Alhaji, da girmanka. In jaka ce laifi, a je gidana yanzu. Tawa tana ƙarƙashin gado, da takardun 'ya'yana a ciki. Ta mahaifina ma a can take har ya mutu. Duk lokacin zaɓe matata sai ta sake duba ta. Shekara nawa muna tare, kun taɓa tambayata me ya sa?"

Sai wani daga baya ya ce to ai ga shi nan, dama bakinsu ɗaya. Aka yi 'yar dariya, irin ta mutanen da suka samu mafita. Alhaji ya ce Oga zauna, wannan magana ce tsakanin Musulmi. Ka ji wani sabon salo, da za a kori mai wankin hula an tuna Musulmi ne. Mai kemis bai zauna ba, ya juyo ya dube ni, domin ya sha ganina a bencin mutumin. Ya ce sakatare, kai ka san shi, ka yi magana.

Komai yana bakina. Tayar da ta fashe, ɗansa na fari, tsamiyar da ya nuna mini da buroshi, da cewa dokar usur ba wanda ya taɓa gaya masa ita. Magana ce ta minti biyu, kuma ni ba Ibo ba ne da za a ce zauna. Amma bari in gaya maka wane ne ni a layin nan. Mahaifina ɗan ƙabilar Tera ne daga wajen Kwadon, mahaifiyata 'yar Tangale, danginta duk 'yan coci ne, lokacin Kirsimeti har gidana suke kawo shinkafa ana gani. Na sha jin ana cewa ai sakatare jininsa gauraye ne. Shekaru na yi ina sammakon masallaci, ina gaishe-gaishe, ina dariyar da ba ta kai ciki ba, kafin a fara matsa mini wuri a sahun gaba. Na hango kaina tsaye tsakanin Babarbare da Ibo, mu uku a gefe ɗaya, layi gaba ɗaya a ɗaya gefen. Na tuna ina da gida a nan, ina da 'ya'ya mata. Na sunkuyar da kai a kan littafi na ce ni dai hula kawai nake kai masa.

Aka ce a ɗaga hannu. Ni ne mai ƙirgawa. Hannu ɗaya ne bai tashi ba, na mai kemis, kuma ba ciwon kafaɗa ne ya hana shi ba. Na ƙirga har da nawa. Da daddaɗan rubutun nan nawa na tsara wasiƙar zuwa ga mai gidan, Alhaji ya karanta ya ce ma sha Allah, ya sa hannu.

Kafin wa'adin ya cika suka tashi. Ina ofis, don an janye yajin aikin, ban ga tafiyarsu ba, kuma na ji daɗin hakan, tir da ni. Matata ce ta ce keke ɗaya ya kwashe su da bahunan da itatuwan hula. 'Ya'yana sun yi ta tambayar ina ƙawarsu, na ce sun koma garinsu. Ƙaramar ta ce ai ta gaya musu garinsu an ƙone shi. Na daka mata tsawa na ce ta tashi ta ba ni wuri. Sata kuwa ba ta fasa ba, har ɗakin da ke jikin nasa aka shiga bayan wata ɗaya, amma ba wanda ya ce uffan. Mai kemis ya daina zuwa taro. In na je sayen magani ya ba ni, ya gaishe ni da ladabi, ya juya ga na bayana.

Bayan kamar shekara ɗaya aka aike ni Herwagana sayo ƙarfen taga na ofis. Na sauka daga keke ina neman shagon maƙerin, sai na ga huluna a jere a rana a gindin katangar wani coci. Na gane aikin mai wankin hula ne. Daga baya na ji mai kemis ne ya samar masa ɗaki a gidan wata gwaggon shi mai kemis ɗin, domin duk inda ya je cikin gari da an ga tsagen fuskarsa sai a ce ɗakin an riga an kama. Na so in juya, amma ya riga ya gan ni. Ya miƙe ya taho da fara'a, ya miƙo mini hannun hagu yana ba ni haƙurin hakan. Na dama yatsun sun ɗoru a karkace, ba sa lanƙwasuwa. Matarsa ce yanzu ke goge hulunan a cikin gida, shi sai sitaci da shanya.

Ya tambaye ni iyali, ya tambayi 'yan matana, ya tambayi Alhaji da mutanen layi, kamar waɗanda muka rabu da su a gidan suna. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Na tsaya ina amsa lafiya lau, lafiya lau, ina laluben inda zan fara ba shi haƙuri.

Sai ga yarinyar ta dawo daga makaranta da 'yar jakarta. Ta yi tsayi. Ya kira ta ya ce zo ki gaida baffanki, baban ƙawayenki na Tumfure. Ta tsaya daga nesa ta dube ni. Ya sake cewa ta zo, ba ta gane ni ba ne?

Ta ce, "Na gane shi, Baba. Shi ne ya ce ga shi can."

Da Hausa ta faɗa, tsaf, irin ta 'ya'yana. Uban ya yi mata faɗa da Barbarci, ya juyo yana cewa in yi haƙuri, yarinya ce, ba ta san abin da take faɗa ba. Amma bai ce ƙarya take yi ba, kuma bai yi mamaki ba. A nan na gane shi ma ya ji muryata ranar, tun yana gudu, kuma da saninsa ya miƙo mini hannu.

Ta wuce cikin gida ba ta gaishe ni ba. Ni kuma na ce masa ana jirana a ofis.